Wata ukun da ake ɓoyewa

Ranar awo a asibitinmu, da yawa daga cikin matan da ke karɓar kati karo na farko cikinsu ya riga ya kai wata shida ko bakwai. In na tambayi abin da ya tsare su, sai wata ta ce, "Ai lafiyata ƙalau, Malama." Wata kuma ta sunkuyar da kai kawai, musamman mai cikin fari, wadda ko uwar mijinta ba ta so ta gane ba. Ban raina kunya ba, da ita aka raine mu. Sai dai watanni ukun farko da ake rufewa da mayafi, a cikinsu ake halittar sassan jikin yaro.

Tushen ƙwaƙwalwa da lakar baya yana haɗewa cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mace ke lissafin ko ɓatan wata ta yi. Ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 a kullum, ita ke rage haɗarin haihuwar jariri da buɗaɗɗen gadon baya. Don haka mai neman haihuwa ta fara sha tun kafin cikin ya samu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce a fara awo cikin mako 12 na farko, a kuma ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

A wurin awo muna gwada hawan jini, mu duba fitsari, mu ga ko jini ya yi ƙasa. Muna ba da ƙwayar ƙarin jini da allurar rigakafin tetanus, wato ciwon sarƙewar haƙora. Daga mako na 13 ake fara shan Fansidar a gabanmu, wata ɗaya tsakani, aƙalla sau 3, domin zazzaɓin cizon sauro yakan ɓuya a mahaifa ya tsotse jinin uwa, ya sa a haifi yaro ɗan mitsitsi, alhali ko zafin jiki ba ta ji ba. Gidan sauron da aka ba ki kuwa ba na shingen lambu ba ne, ki kwana ciki.

Ƙwayar ƙarin jini takan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba ciwo ba ne. Kada ki haɗa ta da shayi, yana hana jiki tsotsarta. Zogale, alayyahu, wake, ƙwai da kifi duk suna taimakawa, amma ba sa maye gurbinta.

Sai maganar tazara, wadda ta fi shafar magidanta. Iyayenmu sun san illar kwanika, har gori ake yi wa wadda ta samu ciki da goyo a baya, kamar ita kaɗai ta yi. Shawarar likitoci ita ce a bar wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin, in ɓari aka yi kuma a jira wata 6. Wannan bai yi nisa da shekara biyu cikakku na shayarwa da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata ba. Jikin da ya zubar da jini, yake kuma shayarwa, yana buƙatar lokaci ya mayar da abin da ya rasa. In aka ɗora masa wani ciki da wuri, haɗarin bakwaini da ƙarancin jini ya ƙaru, na goye kuma a yaye shi ba shiri. Wani kuskure da nake yawan ji shi ne wai shayarwa tana hana ciki. Tana hanawa in yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya warware, kariyar ta tafi. Ku zo tare, Alhaji, a nuna muku hanyoyin, ku zaɓi wadda ta kwanta muku.

Akwai abubuwan da ba a jiran gari ya waye a kansu: zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, ko yaro ya daina motsi. Jijjiga ba iska ba ce, hawan jini ne ya kai maƙura, kuma hayaƙi ba ya sauke shi. Naƙudar da ta haura awa 12 ma asibiti za a nufa, don doguwar naƙuda ce babbar hanyar yoyon fitsari.

Maigida, tun cikin na wata bakwai ka ware kuɗin mota, ka riƙe lambar direba, ka san wanda zai ba da jini. Ka kuma faɗa a gaban mutanen gida cewa in abu ya taso ba ka nan, a wuce da ita asibiti, ba sai an nemo ka ba.