Waiwaye: Yadda haske ya shiga yaƙi da sankarar ƙwaƙwalwa

A 1900, a birnin Munik na Jamus, ɗalibi Oscar Raab ya lura cewa rinin akridin ya fi kashe ƙananan halittun ruwa idan haske ya same shi. Malaminsa Hermann von Tappeiner ya gano cewa sai da iskar oksijin abin ke yiwuwa. Har yau duwatsun murhun uku ne: magani, haske da oksijin. Aka cire ɗaya, tukunya ta kife.

An daɗe ba a ci moriyar abin ba, sai a 1978 da Thomas Dougherty ya gwada shi a kan masu sankara a Amurka. Kanada ta amince da Photofrin, wani magani da haske ke kunnawa, a 1993, amma matsalarsa babba ce: majinyaci zai yi wata guda ko fiye yana gudun rana, in ba haka ba fatarsa ta ƙone.

Abin da ya jawo hankalin likitocin ƙwaƙwalwa shi ne giliyobilastoma, ƙarin da ko an yi tiyata, an gasa shi da radiyeshin, an ba da magani, rabin majinyata ba sa wuce wata 15. Galibi yakan dawo ne cikin santimita 2 daga bakin inda aka yanke.

Sai aka samu wani magani mai suna 5-ALA. Ana shan miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyin jiki, kimanin awa uku kafin a sa barci. Ƙwayoyin ƙarin suna juya shi zuwa wani sinadari da ke taruwa a cikinsu. Likita ya kunna shuɗin haske, sai ƙarin ya yi ja-ja kamar garwashi, lafiyayyen nama kuma ya zauna shuɗi. A gwajin likitan Jamus Walter Stummer na 2006, an kwashe ƙarin da ake gani a hoto gaba ɗaya a kashi 65 cikin ɗari na majinyata, maimakon 36 da farin haske. Wannan don ganin ƙarin ne kawai. Kashe ƙwayoyinsa kuwa sai da jan haske mai nanomita 635 (ma'aunin tsawon zangon haske). Japan kuwa ta amince da wani maganin, talaporfin, don ƙarin ƙwaƙwalwa a 2013, ana haska ramin tiyata da leza mai nanomita 664.

Jan haske 'yan milimita kaɗan yake ratsawa, shi ya sa masana suka ɗora burinsu kan garkuwar jiki. Tun a 1996 aka nuna cewa ɓerayen da ba su da garkuwa ƙarinsu yakan dawo bayan haskawa, masu garkuwa kuwa su warke. Ƙwayar da haske ya kashe takan fitar da alamun neman agaji, irin su kalretikulin da HMGB1, waɗanda ke kiran masu gadin jiki su ɗauki kamannin ƙarin su kai wa sojojin T, wato ƙwayoyin garkuwa masu kai hari. Wannan muhimmi ne, domin giliyobilastoma gwani ne wajen kwantar da garkuwa. Ko nivolumab, maganin da ke tayar da garkuwa, bai tsawaita rai ba a babban gwajinsa na farko.

A ganinmu, bai kamata a yi wa iyalai alkawari da wannan ba tukuna, don mafi ƙarfin hujjar daga dabbobi take. Ga kuma cikas a ɗakin tiyata. Haske mai ƙarfi yana cinye oksijin nan take, dalilin da ya sa a birnin Lil na Faransa ake raba hasken kashi biyar da hutu a tsakani. Haskawa tana iya kumbura ƙwaƙwalwa, maganin kumburin kuma deksametazon ne, wanda ke danne sojojin T ɗin da ake son tayarwa.