Jan gargaɗi da mai ruwan ɗorawa: abin da launukan hasashen guguwa ke nufi

Daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da damina ke ban-kwana a wajenmu ana shirin girbi, mutanen Birtaniya da Ireland su ma sun shiga tasu kakar, sai dai tasu ta iska ce. A wannan tsakanin akan ji a labarai cewa hukumar hasashen yanayi ta fitar da "jan gargaɗi" ko "gargaɗi mai ruwan goro" a kan wani yanki. Ɗalibanmu da ma'aikatan jinya da ke zaune can sukan ga launin ya bayyana a wayarsu, 'yan'uwa a gida kuma hankali ya tashi, a fara kira ana tambayar ko lafiya.

Akasarin mutane sun ɗauka launin ma'aunin ƙarfin iska ne kawai: ruwan ɗorawa 'yar iska, ruwan goro mai dama-dama, ja kuma gagaruma. A Birtaniya abin ya fi haka zurfi.

Tun 2011, hukumar Met Office, mai hedikwata a Exeter, tambaya biyu take haɗawa kafin ta shafa wa yanki launi. Ta farko: in abin ya faru, wace irin ɓarna zai yi a wannan wurin? Ta biyu: yaya tabbacin faruwarsa? Wanda ya buɗe gargaɗin a waya zai ga taswira da yankin da aka zagaye, a ƙasa kuma akwai wani ɗan jadawali mai gida huɗu a tsaye, huɗu a kwance, an yi wa gida guda alama. Tsaye na nuna tabbaci, kwance na nuna girman ɓarna. Cikin gidajen nan 16, ɗaya tak ne ja, can a kusurwar sama ta dama, inda ɓarna ta kai maƙura kuma tabbacin ya yi ƙarfi. Shi ya sa jan gargaɗi ba kasafai yake fita ba, kuma in ya fito ba ya ba da dogon lokacin shiri. Ma'anarsa rayuka na cikin haɗari, a zauna a gida.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne mai ruwan ɗorawa, domin fuska biyu gare shi. Wani lokaci yana nufin tabbas za a yi iska amma ba za ta wuce ta kifar da bokitin shara, ta jinkirta jirgin ƙasa, ta sa a rufe wata gada ga manyan motoci ba. Wani lokaci kuma yana nufin akwai yiwuwar mummunar guguwa nan da kwana uku, amma masu hasashe ba su gama sanin ta ina za ta bi ba. Launi ɗaya, labari biyu mabambanta. Mai ruwan ɗorawa na biyun shi ne wanda kan wayi gari ya koma ruwan goro, zuwa yamma ya zama ja. A ganina duk wanda ya kalli launi ya rufe waya bai duba inda aka sa alamar a jadawalin ba, rabin saƙon kawai ya karanta.

Ireland tana da lambobin da take jingina da su. A wajen hukumarta, Met Éireann, bugun iska na kilomita 90 zuwa 110 a sa'a ruwan ɗorawa ne, 110 zuwa 130 ruwan goro, abin da ya haura 130 kuma ja. A lura, bugu daban yake da matsakaicin gudun iska. Matsakaici shi ne abin da na'ura ta tattara cikin minti goma. Bugu kuwa na daƙiƙa kaɗan ne, kuma shi ke yaye rufi.

Me ya sa girman ɓarna bai tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun iska? Nan ne kaka ta bambanta da sauran lokuta. A Oktoba itatuwa ba su gama zubar da ganye ba, kuma itace mai ganye kamar mai babbar riga ne a fili ranar iska, ko'ina akwai wurin kamu. In ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, saiwa ba ta da riƙo. Iskar da za ta ratsa ta tsakanin busassun rassa a Janairu ba tare da wani abu ya faru ba, ita ce za ta tuge itacen a Oktoba ta jibga shi kan titin jirgi ko wayar lantarki. Haka nan wuri. Bugun da mutanen tsibiran arewacin Scotland ke shanya kaya a cikinsa, in ya sauka a Landan da safiyar Litinin, labari ne.

Hatta ta ina iskar ta fito yana shiga lissafi. Yawancin guguwar can daga kudu maso yamma take zuwa, itatuwa sun girma suna tokare da wannan ɓangaren. Guguwar Arwen ta ranar 26 ga Nuwamba 2021 daga arewa ta buso, aka fitar mata da jan gargaɗi a gabar gabashin Scotland da arewa maso gabashin Ingila. An auna bugun mil 98 a sa'a a Northumberland, wato kusan kilomita 158. An sha ganin wanda ya fi haka, amma dazuzzuka suka kwanta, gidaje kusan miliyan ɗaya suka rasa wuta, wasu har fiye da mako.

Tabbacin kuma daga ina ake samo shi? Guguwar kaka a saman tekun Atilantika ake haifarta, inda iska mai ɗumi daga kudu ke karo da mai sanyi daga arewa. Can sama, wajen kilomita goma, akwai wani kogin iska mai gudu daga yamma zuwa gabas. In ya ratsa ta kan wurin karon, sai ya riƙa zuƙe iskar ƙasa, nauyin iska a tsakiya ya faɗi, ta gefe ta rugo don cike gurbin. Iya saurin faɗuwar nauyin, iya ƙarfin guguwar. In ya faɗi da miliba 24 (miliba ma'aunin nauyin iska ne) cikin sa'a 24, shi ne abin da jaridu ke kira bam ɗin yanayi.

Masu hasashe ba sau ɗaya suke tambayar kwamfuta ba. Suna ba ta bayanan tauraron ɗan'adam da na jirage da na balan-balan, sannan su maimaita lissafin sau da yawa, kowane karo da ɗan canji kaɗan a farkonsa. Cibiyar hasashe ta Turai mai hedikwata a Reading tana yin haka sau 51. In akasarin amsoshin sun bi hanya ɗaya, tabbaci ya samu. In sun watse, wasu sun kai guguwar Faransa wasu Scotland, to sai a shafa ruwan ɗorawa a babban yanki a jira. Da lokaci ya matso sai a koma ga lissafin da ke yanka taswira gida-gida ƙanana, na Met Office kilomita ɗaya da rabi ne faɗin kowane gida, wanda ke iya ganin tudu da kwari da mashigin teku.

Guguwar Ciarán, ta farkon Nuwamba 2023, ta nuna abin da 'yan kilomitoci ke iya yi. Tsakiyarta ta bi ta kudancin Ingila, har aka auna nauyin iska miliba 953.3 a Plymouth, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani a Ingila a watan Nuwamba. Amma mafi munin iskar a gefen kudu na tsakiyar take, don haka Faransa ce ta sha duka: bugun kilomita 207 a sa'a a Pointe du Raz, gidaje miliyan 1.2 babu wuta. Faransa da tsibirin Jersey ja suka fitar, gabar kudancin Ingila ruwan goro. Da hanyar ta ɗan goce arewa, da taswirar ta canza.

Duk wannan taka-tsantsan wuya ce ta koyar da shi. A Oktoba 1859 guguwa ta farfasa jirgin ruwa Royal Charter a gabar tsibirin Anglesey da ke Wales, mutum fiye da 400 suka halaka, abin da ya sa Robert FitzRoy, shugaban ofishin yanayi na Birtaniya a lokacin, ya fara aika gargaɗi zuwa tashoshin jiragen ruwa a 1861. Sai kuma daren 15 zuwa 16 ga Oktoba 1987. Da ranar, mai gabatar da hasashe a BBC, Michael Fish, ya kwantar wa masu kallo hankali cewa babu mahaukaciyar guguwa a tafe, ko da yake ya ce za a yi iska sosai. Kafin gari ya waye mutum 18 sun mutu, itatuwa kusan miliyan 15 sun faɗi, garin Sevenoaks ya rasa shida cikin manyan itatuwa bakwai da yake alfahari da su. Har yau ana yi wa bawan Allah nan ba'a, alhali matsalar ƙarancin bayanai ce daga kan teku. Bayan wannan dare ne aka kafa tsarin gargaɗi na ƙasa baki ɗaya.

Sanya wa guguwa suna sabon abu ne, a 2015 aka fara da Abigail, Birtaniya da Ireland tare, Holan ta shigo a 2019. Suna na ƙasa duka ne, launi kuma na yanki. Ana iya raɗa wa guguwa suna, ta yi ɓarna a Galway ta yammacin Ireland, mutumin Birmingham ta tsakiyar Ingila ya wuni bai ga ko ganye ya motsa ba.

Iskarmu ta ƙarshen damina wata halitta ce daban. Hadari ke haɗowa daga gabas, ta riga ruwa isowa da ƙura, cikin rabin sa'a ta kwashe kwanon rufi ta wuce, ƙauyen gaba bai ma sani ba. Shi ya sa sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, kan ambaci jihohi da cewa iska mai ƙarfi na iya gabatar ruwa, domin irin wannan ba a hango ta kwana biyar kafin zuwanta yadda ake hango ta Atilantika. Amma akwai zumunci a tsakani. Hadarin da ke keta Sahel yana yin yamma, wani lokaci in ya faɗa teku ta wajen Senegal da Gini yakan rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwa. Guguwar Lorenzo haka ta fara a ƙarshen Satumba 2019. Ta ƙasaita a tsakiyar teku, ta karkata arewa, ta wuce tsibiran Azores, ranar 3 ga Oktoba ta isa Ireland, inda aka sa gundumomin yamma a ruwan goro. Ta iso a gajiye. Garin Donegal ya yi ambaliya, amma a wurare da dama mutane sun ɗaure kayansu sun jira, washegari suna ƙorafin an tayar musu da hankali a banza.