Masu kula da kwamfutocin ofis, ku rufe ƙofar fita

'Yan'uwa masu kula da kwamfutocin ma'aikatu, da ku nake. Kusan duk inda aka yi kutse, abu ɗaya ake tararwa: an ƙarfafa katangar tsaro ta hana shigowa, amma an bar kowace kwamfuta ta fita intanet ta je inda ta ga dama. Mai gadi yana caje mai shiga, mai fita da buhu a ka kuwa ko kallonsa ba ya yi. Haba jama'a!

Manhajar ɓarawo takan shigo ne ta imel ɗin da wani ma'aikaci ya buɗe, sannan ita ce ke kiran ubangidanta daga ciki, ta hanyar da kowa ke bi. Ɗaya daga cikin hanyoyinta ita ce DNS, ƙofa ta 53 (kowace hidimar intanet da lambar ƙofarta), inda kwamfuta ke tambayar adireshin shafi. Sai ta yayyanka bayanan da ta sata, ta mayar da su haruffa da lambobi, ta manna a gaban sunan wani shafi mallakar ɓarawon, ta tura kamar tambaya. Sabarku ta DNS, wato kwamfutar da ke amsa irin waɗannan tambayoyi, ita ce da kanta za ta kai masa saƙon, amsar kuma ta dawo ɗauke da umarni, galibi a nau'in TXT, wato amsar DNS mai ɗaukar rubutu. Gaɓa ɗaya ta suna, wato abin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo, ba ta wuce haruffa 63, sunan duka 253, shi ya sa za ku ga tambayoyi dubbai zuwa shafi guda, kowane suna dogo, ba ya karantuwa, ba ya maimaituwa.

Sai HTTPS, hanyar buɗe shafukan intanet cikin sirri, ƙofa ta 443. Nan saƙon a kulle yake, ba za ku ga abin da ke ciki ba, amma za ku ga yanayinsa: kwamfuta ɗaya tana taɓa adireshi ɗaya duk bayan daƙiƙa 60 ko minti 5, saƙon ƙarami, girmansa kusan ɗaya, har tsakar dare da babu kowa a ofis. Masu wayo sukan ɗan jirkita lokacin don kada a gane, amma idan aka jera rajistar yini guda, wato bayanan zirga-zirgar da na'ura ke ajiyewa, tsarin yana fitowa.

A kutsen da aka yi ta manhajar kamfanin SolarWinds a 2020, manhajar ɓarayin ta kwanta kusan mako biyu ba motsi kafin ta fara magana ta DNS. Sabar da aka hana fita intanet, da wuya umarni ya iske ta. To me ya haɗa sabar ajiyar bayanai, ko na'urar buga takardu, ko kyamarar tsaro da yawo a intanet? Na san aiki ya yi muku yawa, na san da an toshe wani abu ma'aikata za su taso da ƙorafi. Duk da haka dokar nan ta "a bar komai ya fita" ganganci ce, ku cire ta.

Abin yi:
- A toshe fita gaba ɗaya, a buɗe abin da aiki ke buƙata kawai, a rubuta dalili.
- Sabar DNS ta cikin gida kaɗai ke da izinin ƙofa ta 53 zuwa waje. A kashe DNS na cikin HTTPS a manhajojin lilo, don yana kewaye sabarku.
- A ajiye rajistar DNS da ta fita aƙalla kwana 90. Zeek da Suricata, manhajojin sa ido kan zirga-zirgar kwamfutoci, kyauta ne.
- Kowane mako a duba shafukan da aka fi tambaya, da shafukan da aka yi wa rajista kwanan nan, da kwamfutar da ke tura fiye da abin da take karɓa.

Idan kun kama wadda ke wannan kira, ku cire ta daga layi amma kada ku kashe ta, kada ku goge, shaidar tana cikin ƙwaƙwalwarta. Ku nemi adireshin da take kira a rajistar sauran kwamfutocin, sannan a canza kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta.