Haɗa lambobin rigireshan daga bincike daban-daban: amsoshi ga ɗalibanmu na Kumasi

Idan lokacin rubuta kundi ya zo, ɗalibanmu 'yan Aboabo da Asawase masu neman digiri na biyu a jami'ar KNUST ta Kumasi kan kawo tambayoyi a kan aiki ɗaya: sun tara bincike da dama, kowanne ya yi lissafin rigireshan, wato lissafin da ke auna yadda wani abu ke tasiri a kan wani, ya fitar da lambar tasirinsa, wato b, suna so su dunƙule su zuwa lamba guda. Wannan aiki shi ne meta-analisis, sunan da Gene Glass ya raɗa masa a 1976. Misali ɗaya za mu riƙe: sidi nawa ƙarin shekara ɗaya a makaranta ke ƙara wa mutum a abin da yake samu a yini?

Malam, me zai hana in tara lambobin in raba da yawansu?

Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kowace b tana tafe da kuskuren ƙiyasinta, wato lambar da ke nuna yadda za ta iya kauce wa ainihin tasirin, kuma wadda kuskurenta ya fi ƙanƙanta ita ta fi cancantar a saurare ta. Nauyin kowace lamba shi ne 1 a raba da kuskuren sau kansa. A ce bincike uku ne: na farko ya ba da 2 da kuskure 0.5, na biyu 3 da kuskure 1, na uku 1 da kuskure 0.25. Nauyinsu 4 da 1 da 16, jimla 21. Ninka kowace lamba da nauyinta ka tara, 8 da 3 da 16, ka sami 27. Raba da 21, amsa 1.29. Da rabon kai-tsaye ka yi, 2 za ka rubuta.

To shi ke nan, aiki ya ƙare?

Ina! Wannan lissafin ko a bayan takardar rasit za a yi shi. Inda gizo ke saƙar shi ne: shin lambobin nan uku abu ɗaya suke aunawa?

Fara da ma'auni. A 2007 Ghana ta sauya kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya. Binciken da ya yi aiki da bayanan kafin sauyin zai ba ka b mai dubbai, na bayansa ya ba ka ƙaramar lamba, ga kuma tashin farashi a tsakani. Wani ya auna kuɗin wata, wani na yini. Wani ya ƙirga shekarun karatu, wani ya duba ko an gama sakandare ne kawai. Ai ko mai sayar da gari a kasuwar Kejetia ba ta haɗa farashin mudun olonka da na buhu ta raba biyu. Sai ka mayar da komai ma'auni ɗaya, kuma abin da ka ninka b da shi, ka ninka kuskurenta da shi. Masana tattalin arziki sun sauƙaƙa wa kansu ta hanyar tsarin Jacob Mincer na 1974: suna amfani da logaridim na albashi, sai b ta zama kusan kashi cikin ɗari, babu ruwanta da sidi ko naira.

Idan ma'aunin ya zo ɗaya fa?

Saura babbar matsalar, wadda ba a ganinta a jikin lambar. Ma'anar b tana canzawa da sauran abubuwan da aka sa cikin lissafin. Wani mai bincike ya sa shekarun haihuwa da jinsi kawai. Wani ya ƙara da irin sana'a. To ai karatu ta hanyar sana'a yake kawo kuɗi: shi ne ya kai wannan banki, rashinsa ya bar wancan a bakin tasha. Da zarar ka riƙe sana'a a wuri ɗaya, ka toshe babbar hanyar da tasirin ke bi, don haka b za ta ragu. Duka biyun sun yi daidai, amma tambayoyi biyu suka amsa. Betsy Becker da Meng-Jia Wu sun yi dogon bayani a kan wannan a 2007.

Shawarata ita ce, tun kafin ka taɓa kwamfuta, ka zana jadawali: kowane bincike da layinsa, ka rubuta abin da ya sa da abin da ya bari. Masu kama da juna ka haɗa su rukuni ɗaya. In suna da yawa, goma ko fiye, kana iya gwada ko sa sana'a ne ke bayyana bambancinsu. Ka kuma duba tushen bayanan. Takardu da yawa a kan Ghana daga zagaye ɗaya na binciken GLSS, wato binciken yanayin rayuwar gidaje na Hukumar Ƙididdiga, suka ɗebo. Takarda uku a kan GLSS 7 na 2016/17 mutanen nan ne dai aka ƙirga sau uku.

An ce mini in ɗauki bita da aka daidaita, wai ita ba ta da ma'auni.

Bita ita ce b da aka auna da gwargwadon bambancin da ke cikin bayanan, maimakon sidi ko shekara. Ba ta da ma'auni, gaskiya ne, amma ta dogara da yadda mutanen kowane bincike suka bambanta da juna. Binciken da aka yi a kan malaman makaranta zalla, waɗanda karatunsu ya yi kusa da juna, zai ba da bita dabam da na gari gaba ɗaya, ko da ainihin tasirin ɗaya ne. Ni ba na son ta sai dole. In dolen ta zo, da yawa sun fi son alaƙar ɓangare, wato alaƙar abubuwa biyu bayan an cire tasirin sauran, wadda ake samu daga t (b a raba da kuskurenta): a raba t da tushen murabba'in t² haɗe da digirin 'yanci, wato yawan mutanen binciken bayan an ɗebe yawan lambobin da lissafin ya ƙiyasta. Ita ma ba ta warware zancen sana'a ba.

Takardar ba ta ba da kuskuren ƙiyasi ba.

In akwai t, raba b da t. In akwai tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyaka biyu da ake bayarwa a gefen b, ɗebe ta ƙasa daga ta sama ka raba da 3.92. In babu ko ɗaya, rubuta wa marubucin.

Yaushe zan koma tsarin tasiri mai sauyawa?

Lissafin farko ya ɗauka cewa tasiri ɗaya ne tak a ko'ina. Da wuya hakan ta kasance tsakanin Kumasi da Tamale, balle tsakanin ƙasashe. Tsarin tasiri mai sauyawa shi ne wanda ya yarda tasirin na iya bambanta daga bincike zuwa bincike. A misalinmu, Q ta Cochran, mai auna yadda sakamakon ya bambanta, ta kai 6.3, ma'aunin I² na Higgins da Thompson, mai nuna kason bambancin da ba na dace ba ne, kuma kusan kashi 68. Da hanyar DerSimonian da Laird ta 1986, wadda ke bin wannan tsari, amsar tana tashi daga 1.29 zuwa kusan 1.7, domin bincike na uku ya daina danne sauran. Sai dai da bincike uku kacal, ƙiyasin wannan bambanci ba abin dogaro ba ne sosai. Kuma ka zaɓi tsarinka tun farko bisa hujja, ba bayan ka ga wanda ya ba da amsar da kake so ba.

Wace manhaja zan yi aiki da ita?

R kyauta ce, kuma a cikinta metafor ta Wolfgang Viechtbauer za ta yi duk wannan da umarnin rma: ka ba ta b da kuskurenta. Kafin nan, leƙa kundayen da ke ma'ajiyar KNUST da ta Jami'ar Ghana da ke Legon. Sakamakon da bai nuna tasiri ba sau da yawa a can yake tsayawa, bai kai mujalla ba, kuma in ka bar shi, lambarka za ta kumbura. Gwajin Egger na 1997 na taimakawa wajen gano hakan, amma ba shi da ƙarfi idan binciken bai kai goma ba.