Neman kujerar maki a jiragen kamfanonin ƙawance

Kujerar maki ita ce kujerar jirgin sama da fasinja ke biya da makin da ya tara a tsarin ladan yawan tafiya na wani kamfanin jirgi, maimakon ya biya cikakken kuɗin tikiti. Idan makin na kamfani ɗaya ne, jirgin da za a hau kuma na wani kamfanin da suke hulɗa da shi, ana kiranta kujerar ƙawance. Misali, mutum ya tara maki a MileagePlus na kamfanin United na Amurka, ya kashe su wajen hawa jirgin Ethiopian daga Kano zuwa Addis Ababa. Kamfanin da ke riƙe da makin shi ke yanka farashi ya fitar da tikiti, amma buɗe kujerar ko rufe ta yana hannun mai jirgin. Wannan rabon iko shi ya sa mutum kan tara maki jingim, jirgi kuma ya tashi da kujeru babu kowa a kai, amma shafin intanet ya ce masa babu wuri.

Asali

Tsarin ba fasinja lada ya bunƙasa ne bayan Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragenta mara a 1978, kowa ya shiga neman hanyar riƙe abokan cinikinsa. American Airlines ya ƙaddamar da AAdvantage a watan Mayun 1981, United ya biyo baya a shekarar, British Airways kuma ya kafa Executive Club a 1982. Manyan ƙawance uku sun zo daga baya. United, Lufthansa, Air Canada, SAS da Thai Airways suka kafa Star Alliance a ranar 14 ga Mayun 1997. Oneworld ya fara aiki a 1999, SkyTeam a 2000.

Daga Afirka, South African Airways ya shiga Star Alliance a 2006, EgyptAir a 2008, Ethiopian a 2011. Kenya Airways yana SkyTeam tare da Air France, KLM, Delta da Saudia. Royal Air Maroc ya shiga oneworld a 2020, inda ya tarar da Qatar Airways da ke ciki tun 2013. Emirates da Etihad ba sa cikin ko ɗaya, sai dai suna ƙulla yarjejeniya ɗai-ɗai da kamfanonin da suka ga dama. Ƙawancen ma ba aure ne na mutu-ka-raba ba: SAS, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Star Alliance, ya koma SkyTeam a watan Satumban 2024.

Yadda ake ware kujerun

Kamfanin jirgi ba ya kallon kujerun jirginsa a matsayin kaya iri ɗaya. Kowane aji, na gama-gari ko na 'yan kasuwa ko na farko, an kasa shi rukuni-rukuni, kowane rukuni da harafinsa da farashinsa. Kujerun maki ma suna da nasu haruffan. A Star Alliance an daidaita su: X na ajin gama-gari, I na ajin 'yan kasuwa, O na ajin farko. Idan ma'aikacin da ke sayar da tikiti ya ga I2 a allonsa, kujeru biyu ke nan na ajin 'yan kasuwa da za a iya kamawa da maki. Idan ya ga I0 an rufe, ko da rabin ajin fanko ne. A oneworld kamfanoni irin su British Airways da American suna amfani da U ga ajin 'yan kasuwa, Z ga ajin farko. A SkyTeam haruffan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Sashen kula da kuɗin shiga na kamfanin ne ke ƙayyade adadin. Kwamfutocinsa suna hasashen kujeru nawa za a sayar da tsabar kuɗi kafin ranar tashi, bisa abin da aka gani a wannan hanyar a shekarun baya da yadda ciniki ke tafiya yanzu. Abin da kamfanin ƙawance ke biyan mai jirgi kan kujerar maki bai kai kuɗin tikitin kasuwa ba, saboda haka mai jirgi ya fi sakin kujerar da ya tabbatar za ta tashi babu kowa. Lamarin kamar na mai tumatir ne a kasuwa: da hantsi ba ya ragi, sai ya ga rana ta yi yamma kaya na neman kwana.

Akwai wani bambanci da ke yawan rikita sababbin shiga. Kamfani kan nuna wa membobinsa kujeru a farashin maki iri-iri, daga mai sauƙi zuwa mai tsadar gaske. Delta ya cire jadawalin farashinsa a 2015, United ya yi haka a 2019, farashin maki ya koma hawa da sauka kamar na kuɗi. Amma abin da ake buɗe wa kamfanonin ƙawance galibi shi ne rukuni mafi arha kaɗai. Don haka ganin kujera a shafin Delta a kan maki masu yawa ba ya nufin mai makin Flying Blue na Air France da KLM zai same ta.

Wasu kamfanonin kuma suna fifita nasu a fili. Singapore Airlines ya daɗe yana keɓe mafi yawan manyan kujerunsa na dogon zango ga membobin KrisFlyer. Swiss ba ya buɗe ajin farko sai ga masu babban matsayi a Miles & More, tsarin makin da yake tarayya da Lufthansa, haka Air France ke yi da nasa ajin farkon, La Première, ga manyan membobin Flying Blue. Lufthansa ya shahara da riƙe ajin farko, ba ya sakar wa abokan ƙawance sai tafiya ta matso, shekaru da dama ana ganin kujerun ne cikin makonni biyu na ƙarshe. United yana da ƙarin rukuni, XN, da yake nuna wa masu matsayi da masu katin bankinsa, wanda kamfanonin ƙawance ba sa gani.

Lokacin da kujeru ke buɗewa

An fi dacewa a lokuta biyu: ranar da aka fara sayar da tikitin jirgin, kusan shekara guda kafin tashi, da kuma kwanakin ƙarshe. Tsakiya ita ce mafi wuya. Kowane kamfani da tasa ranar. British Airways yana buɗewa saura kwana 355, United 337, American 331. Wannan tazara tana da tasiri. Kujerar British Airways da ta fito yau, mai Avios, wato makin British Airways, zai iya kama ta nan take, mai makin American kuwa sai ya jira kwana 24, kafin nan an kwashe ta. British Airways yana cikin ƙalilan da suka yi alkawarin adadi: kujeru 14 a kowane jirgin dogon zango daga filayen jirgin Heathrow ko Gatwick na Landan, takwas a gama-gari, biyu a ajin da ke samansa, huɗu a na 'yan kasuwa.

Lokutan cunkoso ba su da ragi. Hutun Kirsimeti, hutun bazara na Turai, da hanyar Jidda da Madina a watan Ramadan, duk kamfani ya san zai sayar da kujerunsa da kuɗi.

Inda ake dubawa

Tunda rukunin da ake buɗe wa abokan ƙawance ɗaya ne a mafi yawan lokuta, ba dole ba ne a duba a shafin kamfanin da makin ke ciki. Ana zaɓar shafin da ya fi sauƙin bincike. Ga Star Alliance an fi amfani da na United, Aeroplan na Air Canada, ko ANA na Japan. Ga oneworld, na British Airways, American ko Qantas. Ga SkyTeam, na Flying Blue ko Virgin Atlantic. Wasu sai an buɗe asusu, amma kyauta ne. Shafin mai jirgin da kansa shi ne mafi rashin amfani a wannan aiki, domin yana haɗawa da kujerun da ya keɓe wa membobinsa.

A ɗauki mai makin United da ke son tashi daga Kano zuwa Washington ta Addis Ababa. Idan ya rubuta Kano da Washington kai tsaye, shafin na iya cewa babu komai, ko ya kawo masa hanya mai yada zango uku. Masu ƙwarewa sukan fara da zango mafi tsawo, Addis Ababa zuwa Washington, tafiya kaɗai ba tare da dawowa ba, kujera ɗaya tak, su buɗe kalandar wata. In sun ga ranar da ke da wuri, sai su ƙara yawan fasinja zuwa biyu, zuwa uku, har kujerar ta ɓace, a nan suka san nawa aka buɗe. Sannan su nemi Kano zuwa Addis Ababa a ranar da ta dace. Su rubuta lambar kowane jirgi da ranarsa da lokacinsa, su sake dubawa a shafin Aeroplan don tabbatarwa. In shafin United ya ƙi haɗa zangunan biyu a tikiti ɗaya, sai a kira ofishin ta waya a karanto wa ma'aikaci lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma shafukan da ba na kamfanonin jirgi ba, irin su ExpertFlyer, Seats.aero, point.me da AwardFares, masu tattara bayanai daga tsaruka da yawa su aiko da saƙo idan kujera ta buɗe. Amfaninsu babba ne ga mai iya sauya rana, sai dai wani bayanin nasu ya kwana. Kamfanonin jirgi ma ba duka ke maraba da su ba. A watan Oktoban 2023 Air Canada ya kai kamfanin da ke da Seats.aero kotu a Amurka, kan zargin kwasar bayanai daga shafinsa ba da izini ba.

Abubuwan da ke ruɗa mai nema

Na farko shi ne kujerar fatalwa, wadda shafi ke nunawa amma in an zo biya sai ya ce an samu matsala. Tana faruwa ne idan shafin yana nuna tsohon bayanin da ya adana, ko kwamfutocin kamfanonin biyu ba su daidaita ba, domin wani yana kan tsarin rajistar tikiti na Amadeus wani yana kan na Sabre. Haɗarinta ya fi yawa ga wanda makinsa ke katin banki irin na American Express ko Chase. Da zarar an tura makin zuwa kamfanin jirgi ba ya dawowa. Wanda ya tura saboda kujerar fatalwa, makinsa ya maƙale a inda bai yi niyya ba. Shi ya sa ake tabbatarwa a shafi biyu, ko a kira waya, kafin a tura.

Na biyu shi ne ɗaure zango da zango. Kamfani kan buɗe kujera ga mai wucewa ta cibiyarsa, ya hana wanda zai tashi daga cibiyar. Ana iya samun Abuja zuwa Toronto ta Frankfurt a buɗe, amma Frankfurt zuwa Toronto shi kaɗai a rufe, ko akasin haka. Wannan ne ke warware dabarar bincike zango-zango a wasu lokuta, don haka ya kamata a gwada hanyoyin biyu. Lufthansa da Qatar Airways suna cikin waɗanda aka sani da wannan.

Akwai kuma cakuɗa aji: shafi ya rubuta ajin 'yan kasuwa, ya caji makinsa cif, alhali gajeren zangon ne kaɗai a wannan ajin, dogon na gama-gari. Gargaɗin yakan zo da ƙananan haruffa.

Farashi da ƙarin kuɗi

Kujera ɗaya a jirgi ɗaya tana iya samun farashi biyar a tsaruka biyar. Wasu suna lissafi da shiyya, wasu da nisan tafiya, wasu da kowane zango daban. Tikitin maki kuma ba kyauta ba ne gaba ɗaya. Harajin gwamnati da na filin jirgi dole ne, kuma harajin tashi daga Birtaniya yana cikin masu nauyi, musamman a manyan azuzuwa. Sai ƙarin kuɗin da kamfani ke ɗorawa, wanda ake rubutawa YQ a tikiti, aka saba kiransa kuɗin mai. British Airways da Miles & More suna karɓarsa, yakan kai ɗaruruwan daloli. United da LifeMiles na Avianca ba sa karɓa, Aeroplan ma ya daina a watan Nuwamban 2020. Avios kuwa kuɗi ne na tarayya: British Airways, Iberia, Aer Lingus, Qatar Airways tun 2022 da Finnair tun 2024 duk suna amfani da shi, ana iya matsar da shi daga wannan asusu zuwa wancan a bi inda ya fi sauƙi.

Bayan an kama kujera

Kama kujera daban, fitar tikiti daban. Shaidar fitarsa lamba ce mai alƙaluma 13, ukun farko suna nuna kamfanin da ya fitar: 016 United, 014 Air Canada, 125 British Airways, 071 Ethiopian. Sau da yawa fasinja yana da lambar rajista biyu masu haruffa shida, ɗaya ta mai makin, ɗaya ta mai jirgin, kuma ta biyun ake buƙata wajen zaɓar wurin zama a shafin mai jirgin. Idan aka sauya lokacin tashi ko aka soke jirgi kwanaki kafin tafiya, wanda ya fitar da tikitin ake komawa, shi kuma ba zai iya tilasta wa abokin ƙawancensa ya buɗe kujera a wani jirgin ba, sai dai ya roƙa ko ya mayar da makin. A ranar tafiya kuwa, idan jirgi ya makara ko ya fasa tashi, alhakin sama wa fasinja wani jirgin yana kan kamfanin da ke da jirgin.