Jirgin yaƙin da ke binne a rairayin Harlech: abin da doka ta hana da abin da ba ta hana ba

Duk lokacin da hoton jirgin saman yaƙin nan da ke binne a bakin tekun Harlech na Birtaniya ya sake zagayowa a Facebook, maganganu ne ke bin sa. Wasu su ce ai tsintuwa ce, jirgin da ya haura shekara 80 a yashe ba shi da mai shi, wanda ya riga kai hannu ya samu. Wasu kuma su ce ko hotonsa ka ɗauka Turawa za su ɗaure ka. Akwai ma masu cewa tunda gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi, an gama magana, za a tono shi a gyara ya tashi. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ya dace da abin da doka ta ce.

Jirgin dai na Amurka ne, ƙirar Lockheed P-38 Lightning, mai inji biyu da jela biyu. Ranar 27 ga Satumba 1942 wani matashin matuƙi, Laftanar Robert Elliott, ya tashi da shi daga filin jirgin Llanbedr a yankin Wales na Birtaniya don atisayen harbi. Matsalar mai ta tilasta masa saukar da shi a kan cikinsa cikin ruwa mara zurfi kusa da garin Harlech. Ya fita da ƙafarsa lafiya lau, amma bayan 'yan watanni ya ɓace a fagen daga a Arewacin Afirka. Rairayi ya rufe jirgin, kuma sai jefi-jefi yake bayyana idan igiyar ruwa ta kwashe yashin, kamar yadda ya faru a 2007 da 2014. An ƙera irinsa sama da 10,000, waɗanda suka rage yau kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa idon masu tara tsofaffin jirage yake kansa.

Doka ta farko da ta hau kansa ita ce Dokar Kare Ragowar Kayan Soja ta 1986. Ta shafi duk jirgin sama da ya faɗi yana bakin aikin soja a ƙasar Birtaniya ko cikin ruwanta, na Birtaniya ne, na Amurka ne ko na Jamus. Jirgin ruwa sai an ayyana shi da suna kafin ya samu kariya, amma jirgin sama ba ya jiran sanarwar kowa, ko da ba a san inda ya faɗi ba. Abin da ta hana shi ne taɓa ragowar da nufin sauya ta, lalata ta, gusar da ita, ɗauke ta, tono ta, ko kutsawa cikinta ta wata ƙofa ko kafa, sai da lasisi. Kallo da ɗaukar hoto ba sa cikin jerin. Wanda ya yi sa'a yana yawo a bakin teku ya ga fiffike ya leƙo, ya more wa idonsa, ya ɗauki hoto, ya tafi da hannunsa wayam.

Inda ake yawan rikicewa shi ne hukunci. Dokar 1986 ba ta tanadi ɗauri ba, tara kawai ta tanada. Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa, domin tarar ba ta da iyaka idan shari'a ta kai babbar kotu, kuma tun 2015 aka cire iyakar fam 5,000 da ƙananan kotunan Ingila da Wales suke tsayawa a kai. To daga ina maganar kurkuku ta fito? Daga doka ta biyu. A watan Nuwamba 2019 hukumar Cadw, mai kula da wuraren tarihi na Wales, ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi masu kariya, kuma shi ne wurin faɗuwar jirgin soja na farko da ya samu wannan matsayi a Birtaniya. A lokacin dokar 1979 ta wuraren tarihi ce ke aiki, yanzu kuma Wales na da tata ta 2023. A ƙarƙashin wannan tsari, lalata irin wannan wuri na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara biyu, kuma ko yawo da na'urar gano ƙarfe a wurin ba da izini ba laifi ne mai zaman kansa.

Ke nan mutum biyu na iya ɓalle ƙarfe iri ɗaya daga jirage biyu, ɗaya ya biya tara, ɗaya ya fuskanci ɗauri, don kawai jirgin Harlech yana da rigar kariya biyu, wancan kuwa ɗaya. Masu cewa "ai tara ce kawai" sun karanta dokar 1986 sun tsaya. Masu cewa "ɗauri ne kai tsaye" sun ɗauki hukuncin wuri guda sun shafa wa kowane jirgi.

Akwai wata gaɓa da ta fi wannan santsi. A dokar 1986, laifin bai tabbata a kan mutum sai ya yi imani, ko yana da dalili mai ƙarfi na zargin, cewa abin da ke gabansa ragowar jirgin soja ne. Manomin da garmarsa ta ci karo da wani ƙarfe a gona bai yi laifi ba don ya ture shi gefe. Amma da zarar ya ga agogon matuƙi ko bakin bindiga, ya kuma ɗauko shebur ya ci gaba da haƙa, uzurinsa ya ƙare. A Harlech kuwa, bayan duk labarin da jaridu suka yi, da wuya alƙali ya saurari wanda ya ce shi bai san jirgi ba ne. Dokar ta kuma bar ƙofa ga wanda ya taɓa ragowar cikin gaggawa don kare rai, lafiya ko dukiya.

Batun mallaka bai da tsawo. Ma'aikatar Tsaron Birtaniya tana ɗaukar jiragenta da suka faɗi a matsayin kayan Masarauta har sai ta sallama su, na Jamus kuma ganimar yaƙi ce da ta koma hannun Masarauta, na Amurka kuwa tana kula da su ne a madadin gwamnatin Amurka. Mai gona yana da ikon hana ka shiga gonarsa, amma jirgin da ke ƙarƙashinta ba nasa ba ne.

Sai gyara. Doka ba ta hana tono jirgi ba, ta ce ne a nemi lasisi daga sashen Ma'aikatar Tsaro da ke kula da mamatan soja a Innsworth, kusa da Gloucester. Ba sa bayarwa idan ana kyautata zaton akwai gawa a ciki, ko akwai bama-baman da ba su fashe ba. Nan ne zuciyar dokar take, domin kafin 1986 masu haƙa don sha'awa sun sha tono ƙasusuwan matuƙa tare da injuna. A wannan ɓangare ban ga abin kushewa ba: kabari kabari ne, ko da na ƙarfe ne. Jirgin Harlech ba kowa a cikinsa, don haka wannan shingen bai tare shi ba, amma mai son ɗaga shi sai ya haɗa da izinin Cadw. Wata ƙungiyar Amurka mai suna TIGHAR ta auna shi tun 2007 ta kuma nuna sha'awar ceto shi.

Me ya sa ake tsaurarawa haka? Kuɗi. Wani jirgin yaƙin Birtaniya ƙirar Spitfire da ya fito daga rairayin Calais na Faransa a 1980 an sake gina shi ya tashi a 2011, aka sayar da shi sama da fam miliyan 3 a 2015. Wani P-38 da aka zaƙulo daga ƙarƙashin ƙanƙara mai zurfin kusan mita 80 a Greenland a 1992 ya sake tashi a 2002. Amma ƙanƙara ajiya take yi, ruwan gishiri kuwa ci yake yi. Jirgin da ya daɗe a teku, da zarar ya sha iska gishirin da ya shige jikinsa zai fara cinye shi da sauri, kuma a irin wannan "gyara" sau da yawa abin da ke saura na asali bai wuce farantin lamba da 'yan ƙarafa ba, sauran duk sabon ƙira ne. Jirgin Jamus ƙirar Dornier 17 da gidan tarihin sojan saman Birtaniya ya ɗago daga tekun Goodwin Sands a Yuni 2013, sai da aka kai shi Cosford aka daɗe ana fesa masa ruwan sinadari mai tsami don tsayar da lalacewar, kuma ba da niyyar ya tashi ba.

Abin da nake ganin dokokin biyu suka gaza shi ne, sun ɗaure hannun ɓarawo da na mai gaggawa, amma ba su ɗora wa kowa nauyin ceto ba. Sanya wuri cikin jerin tarihi ba alkawarin kuɗi ba ne, ba kuma umarni ba ne ga wata hukuma ta tono ko ta gyara. Mai kuɗin da ke son ya ga jirgin a sama zai yi ta cike takardu, hukumar da ke da ikon amincewa kuma ba dole ta kashe ko fam ɗaya ba. Sannan ikon dokar 1986 ya tsaya a iyakar Birtaniya, sai ko a tekun ƙasa da ƙasa inda take bin 'yan Birtaniya da jiragen ruwansu. Shi ya sa jirgin Kittyhawk na sojan saman Birtaniya da aka gano a hamadar Masar a 2012, shekara 70 bayan matuƙinsa Dennis Copping ya ɓace, ba ta iya yi masa komai ba. Ya ƙare a gidan tarihin El Alamein da sabon fenti da haƙoran kifi da aka zana masa a hanci, abin da masana tarihin jirage suka yi ta kuka da shi.