Waiwaye: Gishirin da ke narkar da tsumma ya koma zare, da takardar 1934 da aka manta

Tun da zafi ya kama, maganar tufa ba ta bar bakin mutane ba a Gombe. A rumfunan teloli da majalisun bayan isha'i ƙorafin ɗaya ne: yawancin yadin da ke kasuwa roba ne, ba ya shan gumi, in ka sa shi da azahar sai ka ji kamar an naɗe ka a leda. Daga nan zance kan gangara kan audugarmu da ta ja baya, da masaƙun Kaduna da Kano da suka yi tsit. Kwanan nan kuma an samu ƙari. Matasa na ta tura wa juna bidiyon wani ruwa da ke narkar da itace da tsohuwar jarida da tsumma, a fitar da zare sabo fil. Wasu na cewa ga abin da zai tashi masaƙunmu, wasu na cewa ƙarshen manomin auduga ne ya zo. Masu murnar da masu fargabar duk sun ɗauka jiya-jiya aka gano abin, alhali ya girmi kakannin da yawa daga cikinsu.

Abin da ake narkarwa sunansa selulos. Shi ne ƙashin jikin tsiro: kusan kashi 90 cikin 100 na auduga shi ne, itace kuma kusan rabinsa. Taurin kai gare shi. Ruwa ba ya narkar da shi, shi ya sa ake wankin riga shekara da shekaru ba ta zagwanye ba, wuta kuwa ƙona shi take yi. Dalili shi ne dogayen silinsa sun riƙe juna gam ta gefe da gefe. Duk mai son ya yi zare daga itace dole ya samo abin da zai shiga tsakaninsu ya raba su, a tura kunun ta ƙananan huji kamar yadda injin taliya ke yi, sannan a sake daskarar da shi.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. A 1857 Matthias Schweizer ya gano ruwan tagulla da amoniya na narkar da auduga. A shekarun 1880 Hilaire de Chardonnet na Faransa ya fito da silikin ƙarya mai sheƙi, sai dai yana kamawa da wuta kamar fetur. A 1892 Cross da Bevan da Beadle na Ingila suka yi rajistar hanyar yin zare daga itace da ake kira biskos, a 1905 aka fara sarrafa shi a birnin Kobentiri, ya kuma mamaye duniya. Har gobe shi ne mafi yawan zaren itace da ake sawa. Hanyarsa ita ce a jiƙa dagargajajjen itacen da aka tace cikin soda mai ci irin ta masu sabulu, a haɗa shi da wani sinadari mai suna kabon daisalfaid, a ƙarshe a tsoma cikin asid irin na ruwan batir. Wannan sinadari na tsakiya guba ne. Yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da zuciyar ma'aikacin da ya daɗe yana shaƙarsa, garin da masana'antar take kuma ya yi ta fama da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Likitoci sun san haka tun kafin a fara biskos ɗin ma, daga masu aikin roba.

Inda nake so mai karatu ya tsaya shi ne 1934. A shekarar ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba wani masanin sinadarai na birnin Basel a Suwizalan, Charles Graenacher, takardar mallakar wata dabara. Ya nuna cewa akwai wani irin gishiri, daga dangin sinadarin firidin, wanda in an ɗumama shi ya narke, yana narkar da selulos kai tsaye. Ba a bukatar a fara sauya jikin selulos ɗin kamar yadda ake yi a biskos, ba a bukatar gubar nan. In an zuba kunun cikin ruwa, gishirin ya bi ruwa, selulos ya dawo da jikinsa. Wannan ita ce dabarar da ake ta yawo da ita a waya yau, kusan kalma da kalma.

Kalmar gishiri na iya rikita mutum. Gishirin miya sai zafi ya kai digiri 801 kafin ya narke, domin ƙwayoyinsa ƙanana ne, sun jeru tsaf kamar bulo a gini. Amma in ƙwayoyin manya ne kuma karkatattu, jeruwa ba ta yiwuwa, kamar mai son gina katanga da ƙwarya da tulu, sai gishirin ya zauna ruwa-ruwa ko da ɗan ɗumi kaɗan. Tun 1914 Paul Walden ya haɗa irin wannan gishiri da ke narkewa a digiri 12. Masana na kiran duk wanda ya narke ƙasa da digiri 100 da sunan da ke nufin gishiri mai ruwa-ruwa. Alherinsa shi ne kusan ba ya tururi, saboda haka ba ya tashi ya shiga huhun mai aiki. Na Graenacher bai kai nan ba, sai an haura digiri 100 yake narkewa, kuma yana son a taimaka masa da wani sinadarin. Duk da haka ƙofar ta buɗe.

Ba a shiga ba. An ɗauki abin a matsayin wasan ɗakin gwaji marar amfani, takardar ta kwanta shekara 68. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ban yarda ƙarancin ilimi ne kaɗai ba. A lokacin an riga an gina masana'antun biskos, an zuba dukiya, sinadaransa araha ne. Sabon gishirin yana da tsada, kuma ba wanda ya ƙware wajen ƙwato shi daga ruwa a sake amfani da shi. A takardar lissafi tsohuwar hanya ce ta fi, domin lafiyar ma'aikaci da kifin kogi ba sa cikin lissafin. Sai kuma ga zaren man fetur: an haɗa nailan a 1935, foliyesta a 1941. Hankalin masu bincike da kuɗin masu jari suka karkata can, inda ba a jiran damina, ba a jiran itace ya girma. Yau foliyesta kaɗai ya haura rabin dukan zaren da duniya ke samarwa, zaren itace kuwa wajen kashi 6 ne. Ledar da muke kuka da ita a jikinmu da azahar, a wancan mararrabar aka zaɓa mana ita.

Abin da ya ƙara min girman mutumin shi ne bai tsaya nan ba. A 1939 shi da abokin aikinsa Sallmann sun sake yin rajistar wani dangin sinadarai da ke narkar da selulos. Ita ma wannan ta kwanta shekara 30, sai a 1969 wani mai bincike a Amurka ya zaƙulo ɗaya daga dangin, wanda ake taƙaita sunansa NMMO. Da shi aka fara yin wani zaren itace mai suna layosel don kasuwa a 1992 a garin Mobil na jihar Alabama, da sunan Tencel. A wannan hanya ana ƙwato fiye da kashi 99 na sinadarin a sake juya shi. Wato hanyoyi biyu masu tsabta da ake tinƙaho da su yau, daga teburin mutum ɗaya suka fito, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi nisa. NMMO na da nasa aibin, in zafi ya yi yawa yana iya rikicewa har ya yi bindiga, sai an sa masa abin da zai kwantar da shi. Wannan na cikin abin da ya sa aka waiwayi gishirin.

A 2002 Robin Rogers da abokan aikinsa a Jami'ar Alabama suka wallafa cewa wani gishiri mai ruwa-ruwa na narkar da selulos cikin sauƙi, daga nan bincike ya ɓarke a Jamus da Sin da sauran wurare. Cikin waɗanda suka yi nisa wajen zaren sawa akwai 'yan Finlan. Jami'ar Aalto da ta Helsinki, ƙarƙashin Herbert Sixta da Ilkka Kilpeläinen, suka fito da hanyar da suka kira Ioncell. Ana tura kunun ta huji, ya ratsa ɗan tazarar iska inda ake jan sa ya miƙe, sannan ya faɗa ruwa. Wannan jan ne ke jera silin ya ba zaren ƙarfi fiye da na biskos. A 2014 aka nuna rigar farko tare da kamfanin tufafi na Marimekko, a Disambar 2018 kuma matar shugaban ƙasar na lokacin, Jenni Haukio, ta sa rigar da aka yi da itacen dajinsu a bikin ranar 'yancin kai. Sun kuma nuna ana iya ɗaukar yadi mai gaurayen auduga da roba, gishirin ya narkar da audugar ya bar robar, a tace kowanne gefe.

Sai dai bidiyon ba ya nuna ƙarshen aikin. Bayan zare ya fita, gishirin na cikin ruwa, kuma ɗan ruwa kaɗan ya isa ya kashe masa ƙarfin narkarwa. Dole a ƙafar da ruwan kusan ƙaf, a cire dattin da ya taru, ba tare da gishirin ya lalace ba, a maimaita sau ɗaruruwa. Wannan na cin wuta da zafi sosai, kuma in aka yi asarar kaɗan a kowane zagaye, tsadar ta cinye ribar. Haka nan ba kowane irinsa ne marar illa ba, wasu na cutar da halittun ruwa in sun zuba. Abin da ya kayar da dabarar a 1934, shi ne har yanzu ake kokawa da shi, shi ya sa akasarin aikin bai wuce ƙananan masana'antun gwaji ba.

Mu a nan ina muka tsaya? Gombe ta yi suna ne da auduga. Injin gurza da aka kafa a shekarun 1950 shi ya bar mana sunan unguwar BCGA, wato sunan kamfanin audugar Turawan Ingila, jirgin ƙasa ya iso a 1963 yana kwasar dila-dila, Kumo ma na da nata injin. Kakata da mazari da alli take kaɗi a tsakar gida, tana cire gurya da hannu tana tarawa. Wannan ɗan gashin da ke maƙale a jikin gurya bayan an gurje, wanda bai kai a kaɗa shi ba, selulos ne mai tsabta ƙwarai, kuma da shi kamfanin Asahi Kasei na Japan ke yin zare mai santsi tun 1931. Saboda haka fargabar cewa wannan fasaha za ta kashe manomi ban ga tushenta ba. Zaren da ta haifar ɗan'uwan auduga ne, yana shan gumi, yana karɓar rini, yana ruɓewa a ƙasa, abokin gabarsu ɗaya ne, wato zaren roba. Tana ma iya ba da daraja ga abin da muke zubarwa: gashin gurya, ƙyallayen da teloli ke sharewa kullum da yamma, da ragowar gwanjon da ba ya sayuwa ya ƙare a bola ko ya toshe kwata da damina.

Masu murna su ma su sassauta. Masana'antar da rayuwarta ta rataya kan ƙafar da ruwa dare da rana ba za ta yi aiki da wutar da ke zuwa tana tafiya ba, kuma tana bukatar masu ilimin sinadarai da za su tsare tukunyar. Muna da sashen wannan ilimi a Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, kuma gwajin narkar da gashin gurya a ƙaramar kwalba bai fi ƙarfin ɗakin gwajin jami'a ba. Matakin farko na aikin ma, wato rarrabe tsumman auduga daga na roba, telolinmu sun daɗe da iya shi. Sai tela ya zare sili ɗaya ya kanga masa ashana: in ya yi warin takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce ko zaren itace, in ya nannaɗe ya dunƙule ya yi baƙin ƙulli mai tauri, roba ce.